Taron 'yan daf'a da asusun zumunci: ta ina ake farawa a nan Saudiyya?

Abu Khadija:

Assalamu alaikum, malamai. 'Yan daf'armu (waɗanda muka yi karatu a rukuni ɗaya) na Jami'ar Musulunci ta Madina da ke jin Hausa sun kai mutum 60, daga Najeriya, Nijar, Gana da Sudan. Kamar 20 suna nan Saudiyya tsakanin Madina, Jidda, Makka da Riyad, sauran sun koma gida. Ana so a haɗu ido da ido ko da sau ɗaya a shekara, a kuma kafa asusu don taimakon ƙannenmu da ke karatu da iyalan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Wane wata ya fi dacewa, nawa za a yanka wa kowa, kuma a hannun wa kuɗin zai zauna? Allah ya saka da alheri.

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Ustaz. A fara da maganar kuɗi, don a nan ake yin tuntuɓe.

Tara gudummawa daga jama'a ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar ƙasar nan, ko da niyyar ta Allah da Annabi ce. Kada wanda ke zaune da iƙama (takardar izinin zama ta baƙi) ya rubuta lambar asusunsa a zauren WhatsApp da cewa "a turo sadaka don marayu". Saƙo irin wannan ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Ban da haka, banki na lura da asusun mai albashi idan kuɗi suka riƙa shigowa daga mutane barkatai suna fita waje, kuma mai asusun ne zai amsa tambaya shi kaɗai. Wanda ke son yin sadaka daga nan yana da dandalin Ehsan da hukuma ta buɗe a 2021, da ƙungiyoyin da ke da rajista.

Abin da kuke nema kashi uku ne, kuma kada ku zuba su a tukunya ɗaya. Na farko kuɗin walimar haɗuwa, abin da mutanen nan ke kira gaɗɗa: waɗanda za su ci su ke haɗawa, a kashe a ranar, a rufe lissafi. Na biyu kuɗin wata-wata na 'yan ƙungiya. Na uku zakka, idan akwai mai son bayarwa ta hannunku. Ita wannan masu cinta takwas ne kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta jero su, ba a sayen rago da ita, ba a biyan hayar wurin taro. Da an cakuɗa, ma'aji ba zai iya ce wa mai zakka ga inda tasa ta tafi ba.

Kashi na biyu da na uku ku kai su gida. A Najeriya ana yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu: a rubuta tsarin mulki, a zaɓi amintattun, a buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Bayan nan banki zai nemi lambar haraji da takardar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram) da BVN na masu sa hannu. A sa masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun amince, kuma kada ukun su zama 'yan gari ɗaya ko surukan juna. Kowa a nan sai ya tura nasa da sunansa, daga asusunsa, ta banki ko kamfanin tura kuɗi mai lasisi. A bar ba matafiyi ambulan.

Adadi kuwa, a yanka kaɗan. Riyal 20 a wata, in mutum 40 suka riƙe, riyal 9,600 ke nan a shekara. In kuka yanka 100, wata uku za a yi ana biya, daga nan masu bashi su fara jin kunyar buɗe zauren, a rasa kuɗin a rasa mutanen. Na gida a yanka musu da naira ko sefa ko sidi daidai ƙarfinsu, a sake duba adadin duk Muharram, don abin da naira ke saye kafin Yunin 2023 ba shi take saye yau ba.

Ɗan Jidda:

Malam ya gama da kuɗi, bari in taɓa rana da wuri.

Kowa zai ce a haɗu lokacin Hajji tunda malamai da yawa na zuwa da alhazai. Ba ya yiwuwa. Tun kafin Zulhajji ake hana shiga Makka sai mai tasrihi, wato takardar izini, kuma wanda ya zo aikin alhazai ba shi da awa uku nasa na kansa. Goman ƙarshe na azumi ma haka: masauki ya yi tsada, kowa na i'itikafi. A 'yan shekarun nan Rajab na faɗowa cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu, na gida kuma za su iya haɗa zuwan da umararsu. A tsayar da rana wata huɗu kafin lokaci saboda biza da tikiti.

Madina ta fi, don can zuciyar kowa take, ga jirgin ƙasa na Haramaini daga Makka da Jidda. A kama istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a bayan gari. Daren Juma'a da daren Asabar sun fi tsada tunda hutun mako Juma'a da Asabar ne, to a tambayi wuri uku kafin a ba da kafin alƙalami, a kuma tabbatar ko akwai ɓangaren mata idan za a zo da iyali. Rago matsakaici da shinkafarsa kan ishi mutum 15 zuwa 20. Ku yi odar abinci da lissafin waɗanda suka biya, ba waɗanda suka rubuta "in sha Allah" ba, kuma a rufe karɓa kwana 10 kafin ranar.

Abin da ke kashe irin wannan zama shi ne lacca. Ɗaki cike da malamai, kowa aka miƙa wa makirufo sai ya fara da huɗubatul haja. A ba mutum ɗaya minti 10 na nasiha, ma'aji minti 10, a yi wa mamata addu'a da sunayensu, sauran lokacin a bar mutane su yi hira. Waɗanda ba su zo ba a haɗa su ta bidiyo bayan isha'in Madina: ƙarfe 9 na dare a nan 8 ne a Sudan, 7 a Kano da Yamai, 6 a Kumasi.

Bamaiwurne:

Ina tare da ku, sai dai wuri ɗaya, Malam Mai Lissafi. Ba kowa za a yanka wa kuɗin wata ba. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, 'yan'uwa na Sudan da yawa sun bar gidajensu, wasu na Gadarif da Kasala, wasu sun tsallaka Masar ko Chadi, lambobin waya sun canza. Waɗannan a ɗauke musu biya a rubuce cikin tsarin mulki, kada ya zama alfarmar da mutum zai roƙa. Kuma aikin farko kafin asusu shi ne rajistar mutane: cikakken suna kamar yadda yake a takardar shaidar karatu, laƙabin da aka san shi da shi a jami'a, kulliya (tsangayar da ya yi karatu), gari, lamba biyu, da lambar wani ɗan'uwansa. A ba kowane mutum ɗaya sunaye biyar ya nemo. Idan za a aika wa na Sudan taimako, a tambaye shi ko yana da Bankak, manhajar Bankin Khartoum, da sunansa, a tura kaɗan a ga ya shiga kafin a tura sauran.

Mai Lissafi:

Gaskiyarka, Shehi, a ɗauke musu. Ƙari ɗaya kan rabo. A rubuta tun yanzu abin da asusu ke biya da iyakarsa: rasuwar ɗan ƙungiya, jinya mai nauyi, littattafan ɗalibi. Aure da suna da jarin kasuwa a bar su a waje, bashi kuma kada a fara, don ba wanda zai iya zuwa ƙofar abokin karatunsa karɓar bashi. Kwamitin mutum uku ya duba buƙata a asirce, rahoton wata uku-uku ya nuna adadi da dalili ba tare da suna ba, a haɗa da hoton bayanan banki. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya shigo a bar shi kwance saboda rasuwa, ita ba ta jiran ƙarshen wata. Ma'aji ya yi shekara biyu ya miƙa wa wani, ko da kowa na yabonsa.

Ɗan Jidda:

Zauren WhatsApp kuma a raba shi biyu: na sanarwa, wanda shugabanni kaɗai ke rubutu, da na hira. In ɗaya ne, rahoton ma'aji zai nutse a ƙarƙashin muhawarar ganin wata da siyasar gida, waɗanda suka gaji su fita, kuma galibi su ne masu biya a kan lokaci.