Neman kalma: me za mu kira ƙaramar jitar nan da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Jama'a ku agaza mini, aiki ne a wuyana, ranar Alhamis da ƙarfe 10 na safe edita ke jiran sa. Darasi nake fassarawa na masu koyon kiɗa, kan yadda mutum zai zaɓi jita mai sauƙin kuɗi daga cikin ƙananan nan da Turawa ke kira parlour guitar. Sunan ya fito kusan a kowane sakin layi, ba yadda zan yi in kauce masa. Da farko na sa "ƙaramar jita", sai na isa shafi na uku na tarar marubucin yana jan kunne kada a rikita ta da ƙaramar jitar yara. Kun ga na ɗaure kaina da igiyata. Ba ta lantarki ba ce, ta katako ce mai rami a ciki. Wa ke da kalma?

Ɗan Jita:
Wa alaikumus salam Anti. Jitar falo. Shi ke nan. Falon da muke faɗa kullum ai daga wannan kalmar tasu muka aro shi, ba sai an je nesa ba.

Uwar Tagwaye:
Ni dai "jitar falo" a kunnena kayan ado ne. Kamar furen robar nan da ake ɗorawa a kan talabijin, a goge masa ƙura ranar da za a yi baƙi. Mai karatu zai ɗauka ta ratayewa ce a bango.

Ɗan Jita:
Yaya, a falon ake kaɗa ta tun asali. A ƙarni na 19, a Amurka da Turai, kafin rediyo da garmaho su shiga gidaje, a ɗakin karɓar baƙi ake zama da yamma a yi kiɗa da waƙa, kuma da yawa daga masu kaɗa jitar mata ne. A lokacin ba wanda ke ganin ta ƙarama, haka jita take. Kamfanin Martin da aka kafa a New York a 1833 ya daɗe yana ƙera irin waɗannan. Sai a 1916 ya ƙera wata ƙatuwa mai faɗin ƙugu, aka sa mata sunan jirgin ruwan yaƙin Ingila na 1906, Dreadnought. Da manyan suka cika kasuwa ne tsofaffin suka koma "ƙanana".

Malam Tsantsa:
Ina karanta ku ina mamaki. Jita aro, falo aro. An haɗa aro da aro an ce an samo kalmar Hausa. Wannan ba fassara ba ce, sauya wa Turanci hula ne. Muna da garaya mai tsirkiya biyu, muna da molo mai uku, muna da gurmi, muna da kuntigi mai ɗaya tal. Harshen da ya raɗa wa duk waɗannan suna ba zai gagara raɗa wa wannan ba. Shawarata: molon zaure. Molo don tsirkiyoyi ne ake taɓawa da yatsa, zaure don nan ne wurin baƙi.

Mai Fassara:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Damuwata ɗaya ce: wanda ya karanta darasin zai je neman abin ya saya. In ya ce molo yake so, molo za a ba shi.

Malam Tsantsa:
Yau ne za a ba shi molo. In kika rubuta, wani ya rubuta, nan da shekara biyar kowa ya san molon zaure. Haka kalmomi ke zama. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin a fara faɗar ta a rediyo?

Ɗan Jita:
Kuma yau kowa kwamfuta yake cewa, Malam.

Kafinta:
Ku ɗan ba ni wuri, ni gyaran su nake yi. Kowane suna za ku sa, ya kamata ya nuna cewa *cikin* ne ƙarami, ba jitar duka ba. Faɗin ƙugunta wajen inci 13 ne ko ƙasa da haka, ita kuwa Dreadnought ta haura 15 da rabi. Amma wuyan na babban mutum ne, tsirkiya shida, ana ɗaure ta yadda ake ɗaure kowace jita. Tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa yakan kai inci 24 ko ɗan fiye, na manyan kuma 25 da ɗoriya, shi ya sa ta fi laushi a yatsa. Yawancinsu wuya yana haɗuwa da ciki a ƙarfe na 12, manyan a na 14. Wannan ne ke tura gadar da tsirkiyoyi ke zaune a kai zuwa tsakiyar ciki, sai muryar ta fito a dunƙule. Ba ta da gurnanin ƙasa irin na babba, amma in da yatsu kake tsinkar ta ɗaya bayan ɗaya, kowace tsirkiya za ka ji ta daban.

Mai Fassara:
Madalla, Malam Kafinta. Ka taɓo wata matsalar ma. Waɗannan ƙarafan da ke gicciye a wuya, "ƙarfe na 12" zai sa a zaci agogo nake nufi.

Uwar Tagwaye:
Gaɓa. Kamar gaɓar kara. Gaɓa ta 12, gaɓa ta 14.

Kafinta:
Wallahi ta zauna. Daga yau na ɗauka.

Malam Tsantsa:
To kun gani? Da aka tsaya aka yi tunani ba ga ta ba? Gaɓa Hausa ce tsantsa. Abin da nake faɗa ke nan. Amma da an zo kan sunan abin kansa sai gwiwa ta yi sanyi, don kada a ce mutum bai waye ba. Larabawa sun ce ƙisara, ba su ji kunya ba. Mu ne kullum hannu a miƙe.

Ɗan Jita:
Ranka ya daɗe, ita ma ta Larabawan da ta Turawan duk tushensu ɗaya. Ingilishi ya karɓo daga guitarra ta Sifaniyanci, ita kuma tana komawa ga kitara ta Girkawa. Shi kansa parlour daga Faransanci yake, daga kalmarsu ta yin magana, wato ɗakin hira. Kowa maroƙi ne a wannan layin. Ko "malam" da muke kiran ka da shi ai daga Larabci ya zo.

Malam Tsantsa:
Yaro, aron da ya shekara ɗaruruwa a bakin mutane daban, na jiya daban. Ni na koyar da nahawu tun kafin ka san hannun dama.

Ɗan Jita:
Tuba nake, Baba. Ban yi don raini ba.

Uwar Tagwaye:
Malam, da girmanka, amma zaure bai dace ba ko ta fuskar ma'ana. Zaure a bakin ƙofa yake, na maza ne. Ɗan Jita ya ce mata ne suka fi kaɗa ta, a cikin gida. Ka fitar da su waje ke nan. Sannan molo fata ake shimfiɗa masa a fuska, kuma ba shi da gaɓa ko ɗaya. In mun kira jita molo mun ci amanar molon ma.

Sarkin Barkwanci:
Ni ga tawa: goge yana da ƙanwa, kukuma. To jita ma a ba ta ƙanwa, a ce jituwa. Ƙarama ce, ba ta da hayaniya, maƙwabta ba za su kawo ƙara ba. Da ita za a samu jituwa har a nan wurin.

Uwar Tagwaye:
Jam'inta kuma jita-jita ko?

Mai Fassara:
Don Allah ku bari, dariya nake yi amma agogo na tafiya. Malam Kafinta, akwai inda marubucin ya raba fuskar jita gida biyu, wadda aka yi da katako guda da wadda aka yi da manne-manne. Ya zan faɗa?

Kafinta:
Haka ɗin da kika faɗa ya isa: fuska mai falle ɗaya, da fuska mai manne. Kuma nan ne kuɗin yake, Hajiya. Mai falle ɗaya ta fi amo, tana ƙara daɗi in ta kwana biyu ana kaɗa ta, amma ba ta son busasshiyar iska, tana iya tsagewa. Mai manne ta fi juriya da araha. A gaya wa mai saye ya leƙa bakin ramin: in zanen katakon ya gangara daga sama har ƙasa ba yankewa, falle ɗaya ce, in ya ga layi-layi kamar shafukan littafi, manne ce. Baya da gefe ko na manne ne ba laifi, fuskar ce mai magana. Misali Fender CP-60S fuskarta falle ɗaya ce, Gretsch Jim Dandy kuma ta manne ce mai tsirkiya inci 24, kuma tana da masoyanta saboda wannan busasshiyar muryar irin ta tsofaffin faya-fayai.

Abin da ya fi duk wannan shi ne tsayin tsirkiya daga wuya. A gaɓa ta 12 kada ya wuce milimita 3. Ni kaina na taɓa sayen wata ta intanet don kyan hotonta, da ta iso sai ga wuya ya lanƙwashe, ɗan yatsana na shiga ƙarƙashin tsirkiya ya fito. Na nemi ƙarfen cikin wuya da ake murɗawa a miƙar da shi, ashe babu. Tana nan rataye a bango har yau. Ita ce jitar falo irin wadda Uwar Tagwaye ke nufi.

Ɗan Jita:
Kuma kada a ɗauka ta 'yan gayu ce kawai. Mawaƙan salon kiɗan nan da ake kira bulus (blues), baƙar fata na kudancin Amurka, irin su Charley Patton, da jitoci masu araha irin Stella suka yi suna.

Malam Tsantsa:
"Jitoci" kuma? Wa ya yanke wannan jam'in?

Ɗan Jita:
Mota, motoci. Jita, jitoci.

Malam Tsantsa:
Ƙa'idar ta yi. Kalmar ce ban karɓa ba.

Mai Fassara:
To ga abin da zan miƙa. A farkon ambato: "jitar falo, wato jita mai ƙaramin ciki wadda ba ta yara ba". Daga nan sai jitar falo kawai. Gaɓa ta shiga, falle ɗaya da manne sun shiga. Malam, tsirkiya zan sa ko'ina, na goge "waya" da na rubuta da farko, wannan taka ce. Molon zaure kuwa ka yi haƙuri, edita zai dawo mini da shi da jan biro.

Uwar Tagwaye:
Har yanzu furen roba nake gani, amma bayanin da kika ƙara ya rage.

Malam Tsantsa:
Ki miƙa, aikinki ne. Ni a ajina molon zaure zan ci gaba da cewa. Kuma ki duba da kyau, tsirkiya da "i" ce, kada mai buga rubutu ya mayar miki da ita tsarkiya.

Kafinta:
Malam, mu a wurin aiki tsarkiya muke cewa fa.

Mai Fassara:
Wayyo Allah. Na riga na tura.