Don Allah yaya ake yanka kankana ba a jiƙa ko'ina ba?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jibi zan yi baƙi, mutum 12 har da yara 4, kuma kankana nake son fitarwa bayan abinci. Ruwanta ne damuwata. Da na sa wuƙa sai ya malalo daga katako zuwa ƙasa, wuri ya yi danƙo, kiyashi su taru. Katakona ƙarami ne, firji a cike yake, ga kafet ɗin falo mai haske ne, kwanan nan aka wanke shi. Ina tunanin in yanka tun daren gobe in barbaɗa sukari. Abin ya tsaya min a rai.

Anti Balaraba: Wa'alaikumus salam. Sukarin nan ki bar shi, shi ke janyo ruwan waje, kafin safe ta kwanta cikin ruwanta ta yi laushi. Kankana kusan kashi 92 cikin 100 ruwa ce. Ki fara wanke bayanta ki goge, domin wuƙa na kwasar dattin ɓawo ta shiga da shi ciki. Ki ɗora katakon a cikin babban tire mai baki, ki shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashinsa don kada ya zame. Ki datse kai da gindi, ki tsayar da ita, ki fere ɓawon daga sama zuwa ƙasa har farin ya fita. Sai ki yanka fale-fale masu kaurin santimita 3, ki mayar da su ƙanana daidai loma ɗaya. Wuƙar ta zama doguwa mai kaifi. Dakusasshiya matse tsokar take yi, shi ya sa ruwa ke ambaliya.

Ummu Sadiq: Anti, a yi haƙuri, ga yara ɓawon ne mariƙi. A raba ta biyu, a kifa rabin, a yanka tsaye da kwance, ta fito dogo-dogo kowanne da ɓawonsa a gindi.

Anti Balaraba: Ɓawon kuma ina za su ajiye shi? Kan kafet ɗin da ake gudu. Ƙanana da cokali mai yatsu, shi ke nan.

Hajiya Turai: Laifin iyaye ne da ke barin yara su yi ta yawo da abu a hannu a gidan mutane, ba mai tsawatarwa. Ki shimfiɗa musu leda su zauna wuri ɗaya, ki ajiye kwanon zuba 'ya'yan kankanar.

Maman Ilham: Na gode, amma ranar ba ni da lokacin yanka, girki zai sha min kai. Kuma sukarin kaɗan ne fa, ba ta cika zaƙi ba.

Anti Balaraba: Ba ta cika zaƙi ba? To kin riga kin fasa ta ke nan? In dole ne da dare, ki zuba a kwando mai huji, ki ɗora kan roba, ki rufe, ruwan ya tsane ƙasa. Amma sai a firji. Yankakkiyar kankana ba ta wuce awa 2 a waje, a firji kuwa takan kai kwana 3.

Ummu Sadiq: Guda nawa ce ma, kuma wane girma? Ba ki faɗa ba.

Maman Ilham: Firjin ne dai ba wuri, Anti. In na sa ta a kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara ba za ta yi ba?