Wa ya taɓa zama a Langley Park ta Maryland? Ku ba mu labarin gidajen hayarta

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu gurbin karatu a Jami'ar Maryland ta College Park, insha Allah da iyali zan taho, ni da uwargida da yara biyu. Ina ta duba gidajen haya a intanet, duk inda na leƙa kuɗin sai in ji gumi ya keto min, sai wata unguwa wai Langley Park na ga da ɗan dama-dama kuma ba nisa da makarantar. To amma wani ya ce min can ko Turanci ba a ji sai Sifaniyanci. Don Allah wanda ya zauna ko yake zaune yanzu ya faɗa min tsakani da Allah, ba ji-ta-ji-ta ba.

Ɗan Zangon Kumasi:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'ar karatu malam. Nan na fara sauka da na shigo Amurka kuma na daɗe a ciki. Wanda ya ce maka Sifaniyanci ake ji bai yi ƙarya ba, allon shaguna, hira a bas, mai sayar da mangwaro a bakin titi, har takardar da ofishin gidan haya ke liƙawa a ƙofa duk da shi ne, amma fa ba wai za ka ɓata ba ne, yaransu duk suna jin Turanci kuma su ne tafintan iyayensu. Cibiyar unguwar ita ce inda University Boulevard ta haɗu da New Hampshire Avenue, nan tashar bas take, nan kasuwanci yake. Ni dai da na ganta na ce ai wannan zango ce, inda baƙo ke sauka ya samu na garinsu ya raɓa kafin ya tsaya da ƙafarsa, sai dai nan masu zangon mutanen Gwatamala ne da El Salvador da ɗan Honduras.

Abin da nake so ka gane shi ne maganar sauƙin kuɗin nan. Ba wai hayar ba ta da tsada ba ce, a'a, mutane ne ke haɗuwa su yi karo-karo. Gidan da na zauna ciki biyu ne da falo da banɗaki ɗaya. Mai suna a takardar haya da matarsa da jaririnsu suna ɗaki guda, ni da wani ɗan Gini muna ɗaya ɗakin, falon kuma an ja igiya an rataya labule an raba shi biyu, samari biyu 'yan Gwatamala na kwana a ciki kowa da katifarsa da akwatinsa. Firji ɗaya, kowa ya rubuta sunansa a jikin robarsa. Da asuba layin wanka ake, in ka yi nawa ruwan zafi ya ƙare sai dai ka yi salati ka watsa na sanyi. Kai da za ka kama gida sukutum kai kaɗai da kuɗin ɗalibi, za ka ji a jikinka.

Maman Ikram:
Baban Khalifa ni bari in yi maka maganar da matarka za ta so ji, don mu ne ke wuni a cikin gidajen. Ginin jan bulo ne hawa biyu ko uku, ba lifta, daga waje ka ga ciyawa da bishiyoyi ka ce ai wannan ba laifi, sai ka shiga. Namu bangon banɗakin kullum a jiƙe, baƙar funfuna ta fito in goge da bilic bayan sati biyu ta dawo, ka kai ƙara a zo a shafa fenti a kai a tafi abinsu, fenti kan fenti har taga ba ta rufuwa da kyau. Kyankyasai kuwa ba maganar ƙazanta ba ce wallahi, ko ka wanke gidanka tas daga maƙwabta za su biyo bututu, ni har garin tuwo da shinkafa a bokiti mai murfi nake zubawa. Ƙaramata ta yi ta tari lokacin sanyi har likita ya tambaye ni ko akwai danshi a gidan. Lokacin da hita ta mutu a tsakiyar hunturu a falo muka haɗu duka muka kwana da rigunan sanyi.

Amma kuma ba zan ci amanar mutanen ba. Maƙwabciyata wata dattijuwa 'yar El Salvador, ba na jin yarenta ba ta jin nawa, da hannu da waya muke magana, amma ranar da na haihu ita ta riƙe min manyan yaran har mijina ya dawo daga aiki, ta dafa miyar kaza ta kawo. Sun san darajar yaro da tsoho, suna gaisuwa, ba irin unguwar da za ka shekara ba ka san wa ke ƙofar kusa da kai ba. Sai dai ku yi hattara da abincinsu, akwai pupusa da ake sayarwa ko'ina, garin masara ake kwaɓawa a cusa cuku ko wake a ciki a gasa, akwai daɗi sosai, amma wadda suke ce wa revuelta da naman alade a ciki, kuma wani waken ma da kitsensa ake soyawa, sai an tambaya.

Injiniya A.:
Don ƙarin haske kan abin da Hajiya ta faɗa, tsufa ne ya kama gine-ginen. Yawancinsu bayan yaƙin duniya na biyu aka gina su, ƙarshen shekarun 1940 zuwa na 1950, don ƙananan iyalai na Turawa ma'aikata, da Yahudawa da yawa a cikinsu. Kafin nan wurin gonar wasu attajirai ce, McCormick-Goodhart, katafaren gidansu na 1924 yana nan har yanzu a tsakiyar benayen, ƙungiyar CASA mai taimakon baƙin haure ce ke ciki. Wajen shekarun 1970 baƙaƙen fata suka shigo Turawa suka yi gaba, a shekarun 1980 kuma yaƙin basasa ya koro mutanen El Salvador da Gwatamala. Na El Salvador ya ƙare a 1992, na Gwatamala a 1996, amma hanya ta riga ta buɗe, ɗan uwa na jawo ɗan uwa. Ƙidayar 2010 ta ba da mutum 18,755, ta 2020 kuma 20,126, sama da kashi 80 cikin ɗari 'yan Latin Amurka, duk a fili da bai wuce murabba'in mil ɗaya ba. Kuma kowa ya san ba kowa ke buɗe wa mai ƙidaya ƙofa ba a irin wannan wuri. To bututun da aka sa wa mutum uku ko huɗu shekara saba'in da suka wuce yau mutum takwas ke amfani da shi, me kake tsammani?

Wani abu kuma, unguwar ba ta da magajin gari ko majalisar kanta, kai tsaye ƙarƙashin gundumar Prince George's take, kuma a can gefe, bakin iyaka da gundumar Montgomery. Ga mazauna da yawa ba su da ƙuri'a. A ganina wannan ya fi komai bayyana dalilin da ya sa gyara ke jinkiri.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya ne Injiniya. Ƙari ɗaya, ba dukansu ne ma Sifaniyanci ya zame wa harshen uwa ba. Na yi aikin gini da wasu 'yan ƙauyukan Gwatamala, tsakaninsu yaren Mam suke yi, wani Sifaniyancin nasa ma tsinto shi ya yi. Mutane ne masu neman na kansu, ƙarfe biyar na asuba za ka ga fararen motocin 'yan kwangila da tsani a sama suna kwasar ma'aikata, masu fenti, masu rufin kwano, masu yankan ciyawa, matan kuma shara da goge-goge a ofisoshin Washington ko raino a gidajen masu kuɗi na Bethesda. Ranar Juma'a da yamma ka leƙa shagunan aika kuɗi ka ga layi har waje, kowa na tura wa gida, irin dai namu.

Ni ina can korona ta same mu a 2020. Lambar yankinmu ta gidan waya 20783 ita ta fi ko'ina yawan masu cutar a duk Maryland a lokacin. Ana cewa a killace kai, a ina? Mutum bakwai banɗaki ɗaya, kuma aikinsu ba na kwamfuta ba ne bare a yi daga gida. Aiki ya tsaya, marasa takardu ba su samu kuɗin tallafin gwamnati ba, layin karɓar abinci ya zagaye gini. A nan ne 'yan haya a wasu rukunin gidaje suka haɗa kai suka ƙi biyan haya, a 2021 kuma suka maka masu gidajen a kotun tarayya tare da CASA kan ɓeraye da funfuna da rashin gyara. Mutanen da ake ganin tsoro ba zai bar su su yi magana ba, sai ga su riƙe da kwalaye a titi.

Sadauki:
Ni fa ban yarda a yi ta shafa wa abin mai ba. Malam da yara zai zo. Akwai shaye-shaye a wasu lunguna, akwai kiɗa har tsakar dare ranar Asabar, an taɓa fasa min gilashin mota saboda jakar banza da na bari a kujera. Kuma ɓarayi sun san leburori da tsabar kuɗi ake biyansu, ranar biya ake tare su. Ni da na samu hali Laurel na koma.

Ɗan Zangon Kumasi:
Sadauki ba wanda ya ce aljanna ce, amma ka lura su kansu mazauna su ne aka fi cuta, wani a ƙwace masa kuɗin sati guda ya ƙi kiran 'yan sanda don tsoron kada maganar takardu ta taso. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a can ma titi ne ba ɓarawo ba, University Boulevard faɗi gare ta motoci na gudu mutane na tsallakawa da yara da keken jarirai. Da aka buɗe tashar bas ta Takoma Langley a 2016 an ɗan samu sauƙi don an tattara basbas wuri guda.

Injiniya A.:
Sai kuma maganar jirgin Purple Line da ba wanda ya taɓo. Layi ne mai mil 16 da tashoshi 21 daga Bethesda zuwa New Carrollton, zai ratsa Langley Park ya bi ta cikin jami'ar da za ka yi karatu. Tun 2017 aka fara aikin, aka yi ta jan ƙafa, masu shaguna a bakin titin sun sha wuyar tone-tone da shinge. Kai a wurinka alheri ne, amma duk ɗan hayar da na yi hira da shi fargabarsa ɗaya, in jirgi ya zo ƙasa ta yi daraja, mai gida ya gyara gini ya ninka kuɗi ko ya sayar, wanda ya jure kyankyaso shekara ashirin ba shi zai ci moriyar gyaran ba. Gundumar ta sa wa ƙarin haya linzami, a 2023 ta ce kada ya wuce kashi 3 na wucin gadi, a 2024 ta yi dokar dindindin da ba ta barin ƙarin shekara ya haura kashi 6 a tsofaffin gidaje irin waɗannan. Sai dai wanda sunansa ke cikin takardar haya kawai dokar take karewa, na bayan labule ba shi da bakin magana, ranar da mai ɗakin ya ce ya tashi sai ya tashi.

Maman Ikram:
Shi ya sa Baban Khalifa duk rintsi ka tabbata sunanka na cikin takardar, kar ka yarda da wai zauna kawai ka riƙa ba ni a hannu. Kuɗin ajiya kuma tun ƙarshen 2024 dokar Maryland ta ce kada ya wuce hayar wata ɗaya. Kar ka biya ko sisi daga gida kan hoto, ka sa wani ya je ya ga ainihin ɗakin da za a ba ka ba na talla ba, ya buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya haska fitilar waya, ya ɗaga kai ya duba silin banɗaki, ya ɗauki hoton komai da kwanan wata. Naman halal da kayan miyarmu ba matsala, akwai shagunan 'yan Afirka da na Indiyawa a kan titin, manja da kuɓewa da garin rogo duk ana samu, masallacin Juma'a ne sai an ɗan hau mota zuwa Silver Spring ko Lanham. In ka sayi mota kuma ka karɓi sitikar fakin daga ofis a ranar, masu janwe da daddare suke zagaye, baƙon da ya zo mana barka, da safe ya fito bai ga motarsa ba.