Taƙaitawa: abin da aka ce game da zakin tsauni

Jama'a, zancen da aka yi kan zakin tsauni, wato puma, babbar kyanwar daji ta nahiyar Amurka, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Sunan zaki aro ne kawai. Puma ba ya ruri, gurnani yake yi irin na kyanwa. Macen kuwa in tana neman namiji, ƙararta kamar kururuwar mutum.

2. Ana samunsa tun daga Kanada har kudancin Chile da Ajantina.

3. Barewa ce babban abincinsa. Laɓewa yake, ya daka tsalle, ya ciji ƙeya. Ragowar naman sai ya ja shi gindin bishiya, ya lulluɓe da ganye da ƙasa, ya riƙa komowa har kwanaki. Wanda ya ci karo da irin wannan tulin, kada ya tsaya kallo, mai shi yana kusa.

4. In kun yi kiciɓis, kada ka ruga, kada ka tsuguna. Ɗauki yaro, ɗaga hannuwa, yi masa tsawa, ja da baya a hankali kana kallonsa. In ya afka maka, ka rama.

Inda aka rabu, farauta ce. Masu kiwo sun ce tumakinsu yake ci, a rage shi. Wasu suka kawo misalin jihar Kaliforniya ta Amurka, wadda ta haramta farautarsa don nishaɗi a 1990, suka ce karnukan gadi da killace dabbobi da dare sun fi bindiga. Ni dai nan na karkata, amma ba ni da garke.