Zoben kaprolakton ya ƙi buɗewa a kwaikwayon CALB

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗora kaprolakton (monoma mai siffar zobe, wanda in ya buɗe ake jera shi ya zama sarƙar polima) a aljihun enzayim ɗin CALB (lipase B na Candida antarctica), tsarin 1TCA na rumbun PDB, cikin toluwin, an gudanar da kwaikwayo da manhajar GROMACS na nanosakan 100. Zoben bai buɗe ba, ƙarshe ma monoman ya fice daga aljihun. Ina matsalar take?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Ko shekara za ka bar shi, ba zai buɗe ba. A irin wannan lissafin, haɗin da ke tsakanin atom biyu kamar sifirin ne, yana miƙewa amma ba ya tsinkewa. Sai ka koma QM/MM, inda ake lissafa wurin da haɗi zai tsinke da kwantum, sauran kuma da irin lissafin da ka yi. Ɓangaren kwantum ya ƙunshi monoman, da amino asid ɗin da ke yin aikin, wato Ser105, His224, Asp187, sai Thr40 da Gln106 masu riƙe oksijin ɗin kabonil idan caji ya taru a kansa. In ka bar waɗannan biyun a waje, tudun makamashin da ake hayewa kafin zoben ya buɗe zai iya fitowa da tsawo fiye da gaskiya.

Amsa ta 2: Batun ficewar kuwa, Malam, fara duba His224. Yana da naitirojin biyu a gefensa, Nδ da Nε. Ya kamata haidirojin ya zauna a Nδ yana fuskantar Asp187, Nε ya zama babu komai don ya karɓi na Ser105. pdb2gmx, kayan aikin GROMACS mai shirya tsarin, kintata yake yi, kuma yakan kuskure, gara ka zaɓa da kanka ta zaɓin -his. Sannan auna tazarar oksijin ɗin Ser105 da kabon ɗin kabonil, ta tsaya wajen 3 Å (angstrom). Ɗaure ta a nanosakan na farko, ka riƙa sassautawa a hankali.

Amsa ta 3: Ruwa fa? Wanda ya share duk ruwan kiristal (wanda ya zo tare da tsarin enzayim ɗin) ya zuba toluwin zalla ya busar da enzayim ɗin, aljihun ya sandare. Kuma ruwan yana cikin aikin: shi ke kai wa monoman da ya manne da Ser105 hari, a sami sarƙar farko mai OH a baki. Wannan OH ɗin ne ke karɓar monoma na gaba. Ruwa ya yi yawa, sarƙoƙi su yi yawa amma gajeru. Don haka buɗe zobe rabin aiki ne, dole ka lissafa matakin sakin sarƙar daga Ser105 shi ma.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, haidirojin yana Nε. Zan gyara wannan kafin na taɓa QM/MM.