Wane magani zan fesa wa itatuwan da Baba ya bari?

Autan Baba: Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka, hankalina a tashe yake. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana lambun mangwaro da lemo. Da hannunsa ya dasa su, ko da ciwo ya kwantar da shi kullum sai ya tambaya ko an yi ban ruwa. Da aka zo rabon gado yayyena suka ce a sayar, ni na tsaya kai da fata na ce zan kula da shi, har yau babban yayanmu bai huce ba. Bara mangwaron ya dinga zubewa, ka tsaga ka tarar da tsutsa. Bana kuma ganyen lemon ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo. Na sayi cypermethrin, wani kuma ya ce in haɗa da imidacloprid. Wanne zan fesa? In aka sake asara ba ni da bakin magana a gida.

Malam Mai Lambu: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ajiye kwalbar nan tukuna, ɗana. Matsala biyu ka faɗa. Tsutsar ta ƙudan 'ya'yan itace ce. Macen ke huda ɓawo ta saka ƙwai, tsutsar ta ƙyanƙyashe can ciki inda feshi ba ya kaiwa. In ɗan ya faɗi sai ta fito ta shige ƙasa, ta dawo ƙuda. Ka riƙa tsince duk wanda ya faɗi, ka ɗaure a baƙar leda ka bari a rana, sannan ka rataya tarko mai methyl eugenol, wani sinadari ne da ke janyo mazan ƙudan. Baƙin ganye kuwa fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin da ƙwari masu tsotso ke fitarwa. Juya ganyen ka duba: akwai farin abu kamar auduga? Tururuwa na hawa da sauka? Kuma itatuwan sun fara fure?

Maman Amya: Ni dai na roƙe ka da Allah kada ka yi feshi kan fure. Maƙwabcina ya yi da rana tsaka, washegari na tarar da ƙudan zumana a zube a bakin amya, wasu na ta shure-shure. Na yi masa magana ya ce gonarsa ce. Imidacloprid ɗin nan shiga jikin itace yake har cikin fure, Tarayyar Turai ma ta hana amfani da shi a fili tun 2018 saboda zuma.

Ɗan Fadama: Malam, da girmanka, kana wahalar da yaro. Ni cypermethrin nake fesawa, kafin gari ya waye komai ya mutu.

Malam Mai Lambu: Ai kai ka faɗa da bakinka, komai. Har da ƙananan zanzaro da buzuzun da ke cinye maka masu tsotson. Su kuwa masu tsotson wani abu kamar kakin zuma ne a jikinsu, ruwan magani zamewa yake, sai su dawo fiye da da, ba mai tare su.

Yaya Mai Gwaba: A gwada man darbejiya da ɗan sabulu, a fesa ƙarƙashin ganye.

Malam Mai Lambu: Yana yi, amma da yamma, kuma sai an maimaita. A zafin rana man ƙona ganye yake.

Autan Baba: Na gode muku. Amma Malam, ni ma'aikaci ne, ba ni da lokacin bin gindin itace ina tsince-tsince. Maganin kuma na riga na saya, ba zan zubar ba. Baba ma na sha ganinsa da tankin feshi a baya.

Malam Mai Lambu: Ka san abin da ke cikin tankin nasa, da lokacin da yake fesawa? Har yanzu ba ka ce min ko akwai fure ba. Karanta takardar jikin kwalbar, ka ga ko an rubuta mangwaro ko lemo, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki 'ya'yan.

Autan Baba: Rubutun ƙanana ne ƙwarai. Asabar nake da hutu, ita kaɗai zan samu. Ɗan Fadama, murfi nawa kake zubawa a tanki?