Fadar shayi: musayar waƙa daga Damagaram

Baba, daga Birni:

Bismillahi, ni zan buɗe,
Kukana kan 'yan samari.
Tun hantsi har a kira isha,
Suna fada, shayi ake ƙari.
Mu da damina muna gona,
Da rani Kano, neman jari.
Ganuwar da Sarki Tanimu ya gina,
Gumi ya sa ta kewaye gari.
Yau ɗana bai gaida maƙwabci,
Waya a kunne, kai ya yi tauri.

Ɗansa ya amsa:

Baba, na durƙusa, gafarta min,
Ka ga zama, ba ka yi nazari.
Na ci jarrabawar bak, na gama jami'a,
Takarda na akwati, ina garari.
An buɗe matatar mai a 2011,
Muka ce ga aiki, muka ci buri.
Yau ga ni da kwalabe bakin titi,
Ina sai da mai, riba ɗari-ɗari.
Gonar da Kaka ya bar muku,
An raba ta goma, babu sarari.
Fadar nan ita ta haɗa kuɗi
Ran da abokina ya yi hatsari.

Baba:

Na ji wannan. To tramol fa,
Da adda a ƙugu domin sari?
'Yan pale, 'yan daba, sun tare hanya,
Dole ƙanwarka ta dawo da wuri.

Ɗansa:

Fada daban, pale daban, Baba,
Kun haɗa mu duka a ɗauri.
Masu ɗaga ƙarfe a Kara-Kara,
Ba duka ne ke nufin sharri.
Yaron can in ya nemi aiki,
Da jin unguwarsu, sai "yi haƙuri".

Inna ta shigo:

Malam, bar ni in sa baki,
Yaron nan yana da alheri.
Ran da famfo ya yi mako ba ruwa,
Shi ya tura kura har bayan gari.
Ƙarfe uku na dare ya dawo,
Hannu duk kanta, ƙirji da tari.
Amma ɗana, kai ma saurara,
Yau zan fasa wani sirri:
Ina wanki na tsinci ƙwaya
A aljihunka, cikin ƙyalle fari.
Ka ce min don gajiya ce kawai,
Tun ranar barcina ya ƙaurace min, sai tunani da haƙuri.

Baba ya rufe:

Ashe haka? Yaro, bayan isha
Same ni zaure, ban da jinkiri.
Ka zo da butar shayin taka,
Ni zan sayi gawayi da sukari.